Sakan Casa'in

4 ga Maris

Yaya,

Jiya da safe an liƙa takarda a allon sanarwa: daga ɗaya ga Yuli, mutum ɗaya za a bari a ɗakin na'urori. Ba a faɗi ko wane ne ba. Na sa wannan gaba da gaisuwa don kada ka fara jin sa a bakin wani.

Bayan haka, ina gaishe ka. Ya karatu, ya baƙunta? Mu duk lafiya. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har yana fita ƙofar gida da sanda. Ranar Asabar na leƙa Gwaggo, mahaifiyarka, na tarar tana yi wa tela faɗa a kan labule, ka ga ke nan jiki ya yi ƙwari. Maman yara da yaran suna nan ƙalau. Autarka ta zubar da haƙoran gaba biyu, ta ce kada a faɗa maka.

Ka san halin da nake ciki. Teburin tace labarai da na baro lokacin da ka kawo ni in riƙe maka kujera, tun bara aka ba wani. Kai ma na san kujerar nan kake sa ran dawowa idan ka gama kwas. Manaja ya ce ba zai yanke ba sai ƙarshen Yuni, wai sai ya ga aiki.

Magana ta biyu. Na taɓa sikirif ɗinka, jerin umarnin kwamfutar nan da ke kwashe shafukan jarida daga wajen masu tsara shafi ya miƙa wa na'urar farantin bugu a maɗaba'a duk Alhamis. Makon jiya ya tsaya ana tsakiyar aika shafuka. Sai da na yi minti arba'in ina laluben layin da ya kafe, mai injin bugu yana ta kira, edita yana tsaye a ƙofa. Gyaran kansa bai kai minti biyu ba. Neman wurin ne ya cinye lokacin.

Da na samu sarari sai na ƙirga. Layi ɗari shida da arba'in ne, ɗari biyar da goma a ciki da alamar tsani suka fara. Manaja ya tsaya a kaina ya ce, "Mene ne amfanin tsanin nan?" Na ce duk layin da ya fara da shi kwamfuta tsallake shi take yi, sharhi ne, don mutane aka rubuta. Ya ce, "Wato ɗan'uwan naki da mu yake ta hira, ba da injin ba?"

Umarni ban canja ko ɗaya ba. Sharhin na rage, na bar goma sha ɗaya. A takarda shafi uku ne yanzu, da goma sha huɗu ne. Tsohon yana nan a ajiye, ban yar ba.

Na rubuto a takarda tunda ka ce saƙon waya ba rubutu ba ne.

Ƙanwarka

15 ga Maris

Ƙanwata Almakashi,

Wasiƙarki ta iso, kuma na gode Allah da jin lafiyar kowa. Ki gaida Kawu, ki ce masa kada ya ga sauƙi ya yar da sandar. Ni ma lafiya, sai wani haƙorin ƙasa da ya sa ni gaba. Karatu kuwa ana fama.

Labarin allo ya riga wasiƙarki zuwa. Inna ta kira ni. Ba shi kaɗai ta faɗa mini ba, ta ce a taron ma'aikata Manaja ya ɗaga takardu uku sama ya ce, "Ga yadda ake aiki." Kawu ne ya ba ta labari, shi kuma ke kika ba shi. Na duba wasiƙarki ciki da baya ban ga wannan ba. Ko almakashin ya bi ta kansa shi ma?

Ba banza ɗakin labarai suka sa miki wannan suna ba. Mutum ya kawo labari da zufarsa, ki mayar masa da rabi. Amma can labari ne, gobe an naɗe kaya da shi. Wannan shekara shida na yi ina gina shi. Lokacin da na zo gidan nan a faifai ake ɗaukar shafuka a kai maɗaba'a da ƙafa. Kowane layin sharhi da kika goge, akwai ranar da na zauna a kan wannan kujera mai karyayyen hannu na rubuta shi don wanda zai zo bayana kada ya sha wahalar da na sha. Ashe wadda za ta zo bayan nawa ce za ta kai ƙarar yawan surutuna gaban Manaja.

Kin ce ba ki canja umarni ko ɗaya ba. To, madalla. Wato injin nawa ne, yana tafiya da ƙafafun da na yi masa, ke kuma kin goge masa ƙura an tafa miki. Saman sikirif ɗin akwai sunana da ranar da na fara shi. Yana cikin goma sha ɗayan da suka tsira, ko shi ma surutu ne?

An ce har teburin kin juya, yanzu taga kike kallo. Ni bango na kalla shekara shida, saboda hasken taga yana kashe fuskar kwamfuta da yamma. Za ki gani da kanki idan rana ta juyo.

Ban manta ranar da Inna ta ce mini, "'Yar kawunka ta iya kwamfuta, ka sa ta riƙe maka wurin, gara na gida." Ni na kai ki ofishin Manaja, ni na ce na tsaya miki. Ba gori nake yi ba. Tunda kin ce ke mai ƙirga abubuwa ce, shi ya sa na ce ki haɗa da wannan.

Ki aiko mini da abin da kika goge, in ga laifin kowane layi.

Yayanki

26 ga Maris

Yaya,

Ina fata haƙorin ya lafa. Ka je a duba shi, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Baba yana amsawa. Gwaggo ta karɓi labulenta, ta ce ya yi gajere.

Maganar taro gaskiya ce. Ban sa ba don na san yadda za ka ji. Na ga rashin sawar bai hana ba.

Ka ce in nuna maka laifin kowane layi. Ga kaɗan.

A saman umarnin da ke shiga jakar shafuka ka rubuta: "A nan muna shiga jakar shafuka." A saman na kwafa: "Yanzu za mu kwafa." A ƙarshe: "Nan ne ƙarshe." Irin waɗannan sun fi ɗari uku. Duk wanda ya iya karanta umarnin ya riga ya san abin da suka faɗa, wanda bai iya ba kuma ba su ƙara masa komai ba. A ɗakin labarai idan hoto ya nuna mutum a kan keke, ba ma rubuta "mutum a kan keke" a ƙasa. Muna faɗin ko wane ne da inda za shi.

Akwai layi sittin na tarihin gyare-gyare, wanda ma'ajiyar tarihin fayil ta riga ta riƙe da kwanan wata. Sai wanda ya fi damuna. Tsawon kwanakin da ake ajiye tsofaffin shafuka ka rubuta shi wuri uku. Sharhi ya ce kwana bakwai. Littafin jagora da ke cikin durowa ya ce goma sha huɗu. Takardar da ka manna a bango ta ce wata guda. Umarnin kansa kuwa goma yake yi. Ka gyara umarnin wata rana, ka manta da sauran. Ba laifinka ba ne, haka abin da aka rubuta sau uku yake ƙarewa. Na bar shi wuri ɗaya, na cire takardar bango.

Sunanka yana nan a layi na biyu. Nawa ba ya ko'ina. Kuma idan kana son ka ji, har yau mai injin idan ya kira cewa yake, "A ba ni ta wajen mai gida." Shekara ɗaya da rabi ina aika masa shafuka, bai taɓa tambayar sunana ba. Masu shara ma "teburin Yaya" suke cewa. Takarda uku aka ɗaga sau ɗaya a taro, kai kuma kullum ana ɗaga ka.

Da na share sharhin na ga ginin sosai, kuma mai kyau ne. Aikinka ba ya buƙatarka.

Tambaya ɗaya gare ni. Bayan an kwafa kowane shafi zuwa maɗaba'a, akwai umarnin jira na sakan casa'in kafin a ce wa na'urar faranti ta ɗauka. Sharhin da ke kansa ya ce: "A nan muna jira sakan casa'in." Na ga muna jira. Me muke jira? Shafi ashirin da huɗu ne, wato minti talatin da shida duk Alhamis muna zaune muna kallon agogo. Na bi layi ɗari biyar da goma ɗin nan sau biyu, babu wanda ya faɗi dalili. Idan akwai, ka faɗa mini in rubuta shi. Shi ne sharhin da sikirif ɗin yake nema.

Teburin na mayar da shi yadda yake. Ka yi gaskiya a kan hasken.

Ƙanwarka

30 ga Afrilu

Yaya,

Lafiya dai? Mako biyar ke nan ba amsa. Na kira sau uku ba ka ɗauka ba. Gwaggo ta ce kuna magana duk Lahadi, don haka na san kana raye kuma wayar tana aiki. Mu lafiya lau. Baba ya ajiye sandar, bai ji maganarka ba.

Edita ya matsa a kan lokaci. Da na ga shiru, sai na gwada cire jiran nan a kan shafukan gwaji, ban ga komai ba. Na cire shi gaba ɗaya ranar goma ga wata. Alhamis uku ke nan jarida tana fita lafiya, kuma masu rubutu sun samu ƙarin rabin awa. Manaja ya ji daɗi. Na faɗa maka wannan karon da kaina.

Ban so na cire abin da ban san dalilinsa ba. Idan akwai abin da ban gani ba, layi ɗaya ya isa.

Ƙanwarka

12 ga Mayu

Almakashi,

Wasiƙunki biyu suna gabana. Ina gaida Kawu da mutanen gida. Ban yi shiru don rashin lafiya ba, na yi shiru ne don kada in rubuta abin da Inna za ta ji ta kira taron dangi.

"Aikinka ba ya buƙatarka." Kalma huɗu. Na karanta su a tsaye, na karanta a zaune, na ba abokin ɗakina ya karanta ko idona ne. Ya ce, "Wannan ai sallama ce." Da Manaja ne ya rubuta da na ce aikinsa yake yi. Amma ke? Ke da na koya wa inda ake kunna babbar na'ura? Ranar farko ko kalmar sirri ba ki iya shigarwa ba sai da na riƙe miki takarda. Yanzu kin zauna a kujerata kina sanar da ni cewa an gama da ni, kuma ko ɓata tawada ba ki yi ba wajen faɗa.

Na ji an ƙara yaba miki a kan rabin awa. Allah ya sanya alheri. Ni shekara shida jarida ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya, ban ji an ɗaga ko ƙyalle ba a taro. Wanda ya hana abu lalacewa ba a ganinsa. Sai wanda ya zo ya rage wani abu, shi ake gani. Maman yara ta ce kin kai wa yara littattafai. Na gode. Babban ya ce mini a waya, "Anti ce yanzu ke aika jarida." Har a gidana.

Nan kuwa abubuwa sai a hankali. An raba mu rukuni-rukuni don aikin ƙarshe, aka haɗa ni da wasu samari biyu da ba sa zuwa sai ranar da malami zai duba. Abokin ɗakina yana da rediyo da ba ya kashewa, tasha ɗaya, labarin wasanni daga safe har yamma, ga shi da cin gyaɗa a kan gado. Haƙorin nan dai sai da aka cire shi. Likitan ya ce tushensa ya lanƙwashe, ya yi ta fama kusan awa guda, har ya sa gwiwa a jikin kujera, na fito da kumatu kamar an cusa mini ƙwallo, kwana huɗu ruwa-ruwa kawai nake sha. Jiran da kike tambaya saboda shafuka masu nauyi ne, ma'ajiyar maɗaba'a takan ce ta karɓa alhali ba ta gama rubutawa ba, sai a mayar kafin ƙarin shafukan kala na ƙarshen watan nan. Har yanzu idan na sha abu mai sanyi wurin yana amsawa, kuma sun ce in koma a duba na kusa da shi, ni kuwa na ce wannan ya jira sai na dawo gida. Injin wankin ɗakin kwananmu ma ya lalace, sai mutum ya ɗauki kaya ya sauka hawa huɗu.

Game da sharhin da kika kira maimaici, ban yarda ba. Ba kowa ne ya yi karatun da kika yi ba. Wata rana za a kawo wanda bai san komai ba, ya buɗe shafi ukun nan naki ya ga ba mai yi masa magana. Ni na rubuta ne kamar ina zaune kusa da mutum. Ke kin rubuta kamar mai barin saƙo a ƙofa tana sauri.

Jarrabawa ta ƙarshe ranar ashirin ga Yuni. Ina nan tafe, ko aiki yana buƙatata ko ba ya buƙata.

Yayanki

2 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka. Kowa lafiya a gidajen biyu.

Ranar Alhamis jarida ba ta fita ba. Fitowar da ke da ƙarin shafukan kala ce, ta duk wata uku. Shafukan tsakiya sun hau faranti rabinsu na ƙasa fari fat. Kwafi dubu huɗu suka fita daga injin kafin mai injin ya lura. An sake faranti, an sake bugu, jarida ta fita Juma'a da rana.

Manaja ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa.

"Wa ya cire?"

"Ni."

"Kin tambayi mai shi?"

"Na tambaya."

"Ya amsa?"

Na ce ban ga amsa ba, kuma a lokacin gaskiyata ke nan. Da na koma gida na ɗauko wasiƙarka. Ranar da ta zo na karanta shafi ɗaya da rabi, na ƙoshi, na ga ka shiga labarin rediyo da gyaɗa, na tsallaka zuwa sa hannu. Wannan karon na bi ta da biro kamar yadda nake bin labari. Ga shi nan a shafi na uku, tsakanin kumatunka da ruwan sanyi.

Washegari na kai wa Manaja maganar, na ce akwai amsa, ni ce ban gani ba. Shafin kaɗai na nuna masa. Ya karanta sau biyu kafin ya samu layin. Ya ce, "Wannan gargaɗi ne ko ɓoyo?" Na ce ban sani ba. Ya ce zai tambaye ka, kuma a takarda yake son amsa da sa hannunka, don ta shiga fayil. Idan an gargaɗe ni na yi kunnen ƙashi, ya san wanda zai bari. Idan an ga rami aka bar ni na taka, nan ma ya sani.

Laifina biyu ne, ba na neman a rage mini. Na cire abin da ban san dalilinsa ba, na kuma yi wa wasiƙarka karatun tsallake.

Akwai na uku. Kalma huɗun nan yabo ne. Abin da na fara rubutawa shi ne: aikinka a tsare yake, ya isa ya tsaya da kansa, ba sai ka tsaya a kan kowane layi kana ba shi haƙuri ba. Na ga ya yi tsawo na rage. Na rage har dalilin ya fita, abin da ya saura ya zama zagi. Mako biyar kana ɗauke da shi ban sani ba.

Yanzu ni ma ina da tambaya, ba ta Manaja ba. Kana da waya. Ka san ranar da shafukan kala ke fita fiye da kowa a gidan nan. Kai ka sa layin nan a inda na same shi, ko faɗowa ya yi?

Na mayar da jiran.

Ƙanwarka

13 ga Yuni

Ƙanwata,

Ina lafiya. Ki gaida Kawu.

Ni na sa shi. A takardar farko shi ne layin farko, har na ja masa layi a ƙasa. Sai na tuna da rabin awa da tafin da aka yi miki, na yaga takardar na sake wata. Na ce a raina: ba zan hana ta ba, amma sai ta karanta surutun nawa kafin ta samu. Idan ta tsallake, ita ta tsallake. Na san za ki tsallake. Ranar Alhamis ɗin ina aji ina kallon agogo, wayar tana aljihuna.

Saura ki ji sauran. Sakatariyar Manaja ta kira ni ranar biyu ga wata da tambayarsa. Ranar bakwai na aika masa amsa: "Na gargaɗe ta a rubuce ranar goma sha biyu ga Mayu, mako biyu kafin abin ya faru." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ban taɓa rubuta abu mai gajartar wannan ba, har na ji daɗin kaina.

Taki ta iso ranar goma. Ranar sha ɗaya na aika masa ta biyu. Na ce a yi watsi da ta farko. Na ce na rubuta sharhi ɗari biyar da goma a shekara shida, babu wanda ya faɗi dalilin jiran, kuma da aka tambaye ni na binne amsar da gangan. Ita ma takarda ɗaya ce. Na kira ofis don in faɗa da baki, aka ce ya yi tafiya, kuma ya bar saƙo cewa abin da ke fayil kaɗai zai duba.

Kada ki ɗauka na huce. Har yanzu ban manta ɗana yana cewa Anti ce ke aika jarida ba. Ina son kujerar nan. Ban san me zan ce wa maman yara ba idan na sauka da takardar kwas a hannu babu wurin kai ta. Kuma har gobe ina ganin kin yi wa sikirif ɗin aski fiye da kima. Amma dalilin jiran a kaina yake zaune shekara shida, ban taɓa ganin ya kamata a rubuta shi ba, saboda kullum ina nan. Wataƙila ma na fi son a zo a tambaye ni.

Ga sharhin, ki sa a saman layin:

"A kula sosai. A nan muna jira sakan casa'in. Dalilin jiran shi ne ma'ajiyar da ke maɗaba'a tsohuwa ce, kuma an lura cewa takan ba da amsar ta karɓi fayil tun ba ta gama rubuta shi ba, musamman idan shafi yana da nauyi kamar na kala. Saboda haka kada kowa ya cire wannan jira, ko da ya ga kamar ba shi da amfani, sai ya tuntuɓi wanda ya rubuta."

Na san za ki taɓa shi. Kada Inna ta ji komai tukuna.

Yayanki

20 ga Yuni

Yaya,

Yau kake jarrabawa, Allah ya ba da sa'a. Baba ya koma kan sandar. Gwaggo ba ta ji komai ba, tana ta shirin gyara maka ɗaki.

Na karanta wasiƙarka duka, har da bayan takardar. Maganar Alhamis ɗin da kake kallon agogo kuwa, ba ta takarda ba ce. Idan ka sauka ma yi ta da baki.

Sharhin ya shiga, a layi biyu: "Ma'ajiyar maɗaba'a tana cewa ta karɓa kafin ta gama rubutawa. In ba jiran nan, shafi mai nauyi zai hau faranti rabi." Na cire "a tuntuɓi wanda ya rubuta", tunda ɗayanmu ba zai kasance a nan ba. Jiya jarida ta fita a kan lokaci. Mai injin ya kira ya ce a gaida mai gida.

Na biya ta ofishin Manaja da safe. Wasiƙarka ɗaya ce ta iso. Na gan ta a tirensa, da rubutun hannunka, ba a buɗe ba. Hatimin gidan waya ya dame, kwanan watan ba ya karantuwa, ban san ko ta farko ce ko ta biyu ba. Sakatariya ta ce ba ta buɗe wasiƙar da aka rubuta "na sirri" a kai, kuma ba ta tuna ranar da ta zo ba. Manaja zai dawo Litinin da safe, takardar sanarwa kuma a ranar za ta hau allo. Mai kawo wasiƙu ba ya zuwa sai Talata.

Ƙanwarka